Gishiri a Gindin Tukunya

Rana ta riga ta karkata lokacin da Doña Clorinda ta tura 'yarta rafi da ulun da aka zazzaro daga bangon gida.

"Kwashe shi duka ki je ki wanke," in ji tsohuwar daga kan gadonta. "Har fatar tunkiyar da ke dokin ƙofa. Ki haɗa da tukunyar nan da muke tarar ɗigo da ita, na gaji da kallonta."

"Haba Mama, rana ta kusa faɗuwa. A bari sai gobe mana."

"Gobe ruwa zai dawo. Ke da aka haifa a tsibirin nan, sai an gaya miki halin samanmu?"

Nelda, 'yar ƙanen tsohuwar, tana durƙushe tana dirzar daɓen katako da burushi. Ta ɗago tana dariya. "Tafi kawai, Ercilia. Gwaggo ta warke, tunda baki ya dawo. Tun safe take juya mu kamar mai jirgin kamun kifi."

"Ke kuma shiga ƙarƙashin bencin can, ina kallonki. Mijinki ne ke haƙuri da aikinki, ni ba zan yi ba."

Ercilia ta yi dariya ita ma. Rabonta da dariya irin wannan tun kafin sanyi ya shigo. Ta danna ulun cikin kwando, ta naɗe fatar ta ɗora a kai, ta rataya tukunyar a hannu. A bakin ƙofa ta waiwaya, sai ta ga uwarta tana kallonta ba ƙiftawa.

"Me ya faru, Mama?"

"Ba komai. Ɗaura gyalenki da kyau. Kuma kar ki yi mini wankin sauri, ki sa sabulu sosai."

Mu a tsibiran Chiloé, can kudancin duniya, hunturu a tsakiyar shekara yake zuwa, kuma ruwa ne da iska, wata da watanni. Gidajenmu na katako ne, kuma iskar teku ba ta raina kafa komai ƙanƙantarta. Shi ya sa da sanyi ya kunno kai ake bin bango tsaga-tsaga ana cusa ɗanyen ulu, a rufe ɗakin sama, kowa ya dawo kusa da murhun ƙarfe. Wutar murhun nan ba ta mutuwa dare da rana. Sai ranar da sama ta fara washewa a watan Satumba ake buɗe gida. A zare ulun nan duka, a fitar da barguna kan shinge, a kankare hunhunar da ta kama bango. A ranar ne kaɗai, a duk shekara, ake barin wuta ta mutu, don a cire bututun hayaƙi a kakkaɓe kunkunniyar da ta taru a ciki. Matar da ta wuce Satumba ba ta buɗe gidanta ba, a bakin coci za a ci namanta.

Ercilia ba don bakin mutane ta buɗe nata ba. Murna ce ta sa ta. Ta haura shekara arba'in, ba miji, ba ɗa. Yayanta ya tafi Ajantina sausayar tumaki tun tana budurwa, bai sake waiwayo tsibirin ba. Duk abin da take da shi a duniya yana kwance kan gadon nan na kusa da murhu. Kuma ga shi hunturu ya zo ya wuce, uwarta tana nan da ranta, har da ƙarfin yi wa mutane faɗa.

Rafin yana gangaren bayan gonar dankali. Ruwan ya yi sanyi har yana cizon yatsu. Ta durƙusa kan dutsen wanki, ta fara tsoma ulun dunƙule-dunƙule. Maiƙonsa yana fita rawaya-rawaya yana bin ruwa, warin tunkiya yana tafiya tare da shi. Wanda ya yi fari ta matse ta baza kan ƙaya. Tana yi tana 'yar waƙa a ciki-ciki.

Ulun nan kuwa ba don iska kaɗai ta cusa shi ba.

Akwai wanda muke kira Jiƙaƙƙe. Ba a ambatarsa a cikin gida, a waje ma sai an rage murya. Aljanin teku ne. In mutum ya daɗe yana jinya sai ya fito daga ruwa ya hau tudu, ya shiga gidan ta duk inda iska ke shiga, ya tafi da majinyacin. Abu biyu ne ba ya ƙetarewa: wuta mai rai, da ɗanyen ulu wanda ba a wanke ba, mai maiƙo da warin tunkiya. In bai samu hanyar shiga ba har rana ta dawo, sai ya haƙura ya koma teku. Fadan cocinmu yana cewa duk camfi ne, amma je ka leƙa tagar ɗakin kwanansa ka ga abin da aka cusa a gefenta.

A farkon sanyi ma'aikacin jinya ya zo cikin kwalekwale ya duba Doña Clorinda. Ya ja Ercilia gefe ya ce mata ƙirjin tsohuwar ya cika da ruwa, ba ya jin za ta ga ƙarshen hunturu. A ranar da yamma, tana dawowa daga raka shi bakin gaɓa, ta ga sawu kan duwatsun hanya. Duwatsun a bushe suke, sawun a jiƙe. Dogayen sawu ne, ba takalmi. Sun fito daga ruwa sun nufi tudu, kuma ba su dawo ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta kama tumaki biyu ta yi musu sausaya alhali ba lokacinta ba ne, suna kuka suna rawar sanyi. Ta bi gidan nan kafa-kafa da wuƙa tana dannawa. Ta kitsa ulu ta buga shi kewaye da ƙofa, ta shimfiɗa fata a doki. Ɗakin sama ta bari ƙarshe, kuma kafin ta kai gare shi duhu ya fara. Ta hau tsani ba fitila, don sauri. Tagar sama a buɗe take, daɓen kuma a jiƙe ƙarƙashin ƙafarta. Ta ce a ranta feshin ruwa ne. Ta ja tagar ta toshe gefenta da lalube, ta sauko, ta jawo murfin benen ta rufe, ta cusa ulu a duk kewayensa.

Washegari ɗigo ya fara daga rufin ɗaki, daidai ƙafar gadon uwarta. Ta tsine wa wanda ya yi musu rufin, ta kawo tukunya ta tara. Haka suka ci hunturu, wuta tana ci, tukunya tana ɗis, ɗis, ɗis. In ta cika Ercilia ta zubar a bayan gida ta mayar. Tsohuwar kuwa sai ta kwanta rigingine ta zuba wa allunan sama ido, wani lokaci leɓenta yana motsi. Ercilia ta ɗauka addu'a take yi.

A bakin rafin ta gama da ulun, ta jiƙa fatar ta goga mata sabulu ciki da waje, ta ɗauraye ta rataya. Rana ta sauka bayan tsibirin da ke ƙetare, inda mijin Nelda ya kai tumakinsu duka, har da na Ercilia, kiwo cikin jirgi ya baro su tun makon da ya wuce. Saura tukunya.

Ta ɗebi yashi za ta goge, sai ta tsaya. Cikin tukunyar ya yi wani farin ɓawo, tun daga gindi har wuya. A cikin duhun ɗaki ba ta taɓa lura da shi ba. Ta sa farce ta kankaro, ya zubo a tafinta yana ƙyalli.

Ta kai harshe.

Gishiri ne.

Ta daɗe a durƙushe. Ruwan sama ba shi da gishiri, wannan ko jariri ya sani. Ta kai tukunyar hanci. Warin bakin gaɓa ne in ruwa ya janye, ciyawar teku da ruɓaɓɓen kifi. Sai ta tuna da ranakun da sama ta bushe ƙarau, raɓa ta daskare a kan ciyawa, amma tukunyar ba ta fasa ɗis ɗinta ba. Ta tuna da jiƙaƙƙen daɓen da ta taka a duhu.

Ashe ba a waje ta rufe shi ba. Yana cikin ɗakin sama lokacin da take toshe tagar, wataƙila a kusurwar da ke bayanta. Da hannunta ta kulle shi a saman kan uwarta.

Ta juya ta dubi ƙaya. Ulun yana nan a baze, fari tas, yana ƙanshin sabulu. Ko silin da ba ta wanke ba babu.

Tukunyar ta suɓuce ta faɗa ruwa. Ercilia ta kwasa da gudu.

A tsakiyar gonar dankali ta yi karo da Nelda, tana saukowa da bokitinta da burushi.

"Ke lafiya? Wa ya biyo ki?"

"Murfin bene," in ji Ercilia, numfashinta yana yankewa. "Kin taɓa murfin bene?"

"Gwaggo ce ta matsa mini. Kina fita ta ce in zare na wurin ma, in ɗaga shi ya sha iska, in kama hanya kar duhu ya same ni. Na tokare shi da itace. Amma gaskiya ku nemi mai gyaran rufi, don warin da ya bugo ni daga can sama..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ga fuskar Ercilia.

"Wuta," Ercilia ta ce da raɗa, ta riƙe mata damtse. "Je gidanki ki kawo garwashi. Ki yi gudu, Nelda, don girman Allah."

Nelda ta saki bokitin. Ba ta tambayi komai ba, ita ma 'yar tsibirin ce. Ta yi alamar gicciye ta juya a guje. Amma gidanta yana bayan tudu, kuma hanyar duk taɓo ce.

Gidan yana tsaye a saman gangare, kowace taga a wangame. Ba hayaƙi a kansa. Tunda Ercilia ta yi wayo ba ta taɓa ganin gidansu da almuru ba hayaƙi ba. Bututun yana kwance a tsakar gida kusa da tarin kunkunniya. Karensu ya shige ƙarƙashin rumbun dankali, ya ƙi fitowa.

Ta taka dokin ƙofa, katako tsirara.

Ciki yana ƙanshin sabulu da jiƙaƙƙen katako. A ƙarƙashin wannan kuma akwai ɗaya warin. Ragowar hasken yamma yana shigowa ta tsagogin bango siri-siri, ta ko'ina, inda da ulu yake.

"Mama?"

"Na ce kar ki yi wankin sauri."

Doña Clorinda tana zaune a bakin gado. Matar da tun farkon sanyi sai an ɗaga ta. Ta taje kanta ta ɗaure, ta yafa baƙin mayafinta na zuwa coci. Takalmi ɗaya yana ƙafarta, ɗayan yana hannunta.

Ercilia ta faɗa gaban murhu ta buɗe ƙofarsa. An share shi tas, ko toka babu, ƙarfen ya yi sanyi. Ta laluba saman kantar bango ta ɗauko ashana. Kwalin ya yi laushi a hannunta. Ta ƙyasta ɗaya, kan ya marmashe. Ta ƙyasta wata. Ta haɗa uku ta ƙyasta. Ruwa ne ya tsattsafo a yatsunta.

"Bar shi, 'yar nan," in ji tsohuwar a hankali. "Ba za ta kama ba."

"Kin sani," in ji Ercilia. "Kin san yana can."

"Tun daren farko. Ina jin sa yana zaune."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ki yi me? Ki hau ki kore shi da tsintsiya?" Ta sunkuya tana ƙoƙarin sa ɗaya takalmin. "Ki bar ni in tafi a tsakiyar ruwan nan, jirgi ba ya zuwa, hanyar maƙabarta ta zama kogi, ke kaɗai a gida da gawa? Ba a barin mutum shi kaɗai a hunturu. Na ce masa ya jira. Kullum ina gaya masa. Yanzu kuwa rana ta dawo, mutane sun fito."

"Tashi mu fita. Zan goya ki zuwa gidan Nelda, akwai wuta a can."

"Shhh."

Sai a lokacin Ercilia ta lura. Ɗigon ya tsaya. Inda tukunyar take zama a bushe yake.

Shiru. Ko tsuntsu ba ya kuka a waje.

Sannan katakon sama ya yi ƙara. Ƙara mai tsawo, irin ta mutumin da ya daɗe a zaune yana miƙewa.

Ta sa hannu ƙarƙashin uwarta ta ɗaga. Tsohuwar ba ta da nauyi, ƙashi ne da mayafi. Amma ta riƙe ƙarfen gado gam.

"Sauke ni."

"Mama, saki."

"Ina za ki kai ni da ba zai riga mu ba? Sauke ni na ce. Ki fita ta baya, kar ki waiwaya. Ya kwana da yunwa wata da watanni, ba zai tsaya tantance fuska ba. Don haka na tura ki rafi, mai taurin kai."

Taku ɗaya a sama. Wani takun. Kowanne da sautin jiƙaƙƙen tsumma da aka yar a ƙasa.

Itacen da Nelda ta tokare murfin da shi ya faɗo, ya gangara har gaban murhu. Murfin bai rufe ba. Ya ɗaga a hankali.

Ruwa ya fara bin tsani, yana sauka daga mataki zuwa mataki.

Ercilia ta sauke uwarta. Ta duba hagu, ta duba dama. Barguna suna waje kan shinge, su ma wankakku. Rigar da ke jikinta an wanke zarenta tun kafin a saƙa. Gidan ya yi tsaf, ba abin da ya rage a cikinsa. Ita ce ta tsaftace shi.

Ta je ta tsaya tsakanin gado da tsani, ta buɗe hannuwanta. Abin da ya rage mata ke nan.

Sanyi ya fara isowa. Ya kama mata idon sawu, ya hau gwiwa.

Matakin sama ya lanƙwasa. Na biye da shi ya lanƙwasa.

Ta ga gefen wani tufafi mai nauyi, baƙi, ciyawar teku tana reto a jikinsa. Ya ci gaba da saukowa, bai ƙare ba. Da ya tsaya a ƙasa sai da ya sunkuyar da kai saboda azara. Ya rame, tufafin yana rataye a kansa kamar a kan ƙusa. Inda ya kamata a ga fuska, ruwa ne kawai ke gangarowa.

Ba ya numfashi. Amma a cikinsa ana jin teku, can nesa.

"Koma," in ji Ercilia. Ita kanta ba ta ji muryarta ba.

Ya miƙo hannu. Bai yi sauri ba. Ta ga hannun yana zuwa, ta ce wa ƙafafunta su matsa, suka ƙi.

Ya kama wuyan hannunta na hagu.

Ɗakin ya ɓace. Ruwa ya cika mata kunne. Ta buɗe baki za ta yi ihu, gishiri ya cika shi, ya gangara maƙogwaro, ya shiga ƙirji. Tana jin ana jan ta ƙasa, ƙasa, inda haske ba ya kaiwa. Ta daina jin yatsunta. Ta fara mance sunanta.

Sai wani abu mai ɗumi ya shiga tafinta na dama. Mai laushi, mai maiƙo, mai warin tunkiya. Wasu busassun yatsu suka dunƙule mata hannu a kansa.

Riƙon ya sake ta da wani sauti, kamar igiyar ruwa tana janyewa daga kan tsakuwa.

Ta zube a daɓe tana amayar da ruwa. Da idonta ya washe ta ga abin da ke hannunta. Ɗanyen ulu ne, cikin tafi ɗaya, har da ƙaiƙayin filo a jikinsa. Tsohuwar ta ɓoye shi ƙarƙashin kanta tun da safe, lokacin da suke zazzarewa.

Na mutum ɗaya ne.

"Mama, karɓi." Ta yunƙura za ta tura mata. "Karɓi, naki ne."

Doña Clorinda tana tsaye da ƙafafunta. Ta danne hannun 'yarta da nata biyu, da wani ƙarfi da Ercilia ba ta san tana da shi ba, ta mayar mata da shi kan ƙirji.

"In kika sake shi ban yafe miki ba."

Ta juya ta ɗaga kai ta dubi abin da ke tsaye a gaban tsani, irin kallon da take yi wa Nelda in ta bar datti a ƙarƙashin benci.

"Kai kuma ba ka da ido ne? Ba ita ba ce. Ni ka zo wa. Ka jira hunturu guda, ba za ka iya jira in sa takalmi ba?"

Ya tsaya. Ruwa yana zuba daga gefen tufafinsa.

Tsohuwar ta zauna ta sa ɗaya takalmin, ta ɗaure igiyarsa a nutse. Ta miƙe ta gyara mayafi. Ta bi ɗakin da kallo, bangon da aka kankare, daɓen da ke ƙyalli, tagogin da ke buɗe.

"Gida ya yi kyau," ta ce.

Ercilia ta ja jiki za ta bi ta. Ƙafafunta ba su amsa ba, kamar ba nata ba. Ta miƙa hannun hagu ta kamo gefen mayafin, yatsun suka kasa rufewa, mayafin ya zame ya wuce. Ta yi kira, ruwa ne ya fito maimakon murya. Tana kwance da kumatu a kan katako, tana kallo.

Uwarta ta taka dokin ƙofa ta fita. Doguwar inuwar ta sunkuya ta bi bayanta. Suka kama hanyar gaɓa, ita a gaba da ɗan gajeren takunta, shi a baya. A bakin shinge tsohuwar ta ɗan tsaya, ba ta juyo ba.

"Ki kwashe bargunan nan kafin raɓa ta sauka."

Gangare ya rufe su.

Nelda ta iso da garwashi a cikin shebur, mijinta yana biye da fitila, dukansu taɓo har gwiwa. Suka tarar da Ercilia a ƙasa cikin ruwa, leɓenta ya yi shuɗi, hannunta na dama a dunƙule kan ƙirji. Sai da mijin ya sa ƙarfi kafin yatsun su buɗe.

"Gaɓa," take ta cewa. "Ku bi ta gaɓa."

Nelda ba ta motsa ba. Ta karɓi fitilar ta ɗaga wajen gado.

Doña Clorinda tana kwance a kai, a miƙe, da mayafinta, hannuwa a haɗe kan ciki. Jikinta ya riga ya yi sanyi. Takalman nan biyu suna ƙafarta, a jiƙe, da baƙin yashin bakin teku manne a ƙasansu.

An binne ta cikin rana mai kyau. Jirgi ya zo da fadan coci, hanyar maƙabarta ta bushe, tsibirin kaf ya fito, aka ci wainar dankali aka sha shayin mate a tsakar gida har yamma. Mata suka yi ta yaba tsaftar gidan, Ercilia tana jin su. Mazan da suka hau ɗakin sama sun ce a daidai saman gadon katako ya ruɓe ya lotsa, faɗin mazaunin mutum, gishiri ya yi fari a kewayensa. Rufin kuwa ko allo ɗaya bai tsage ba.

Hannun hagun Ercilia bai sake yin ɗumi ba. Ko ta kanga shi a murhu har gashin ya babbake, sanyi yake kamar dutsen rafi. Da shi take riƙe man shanu in ana zafi, in ji Nelda, don ita ba ta iya barin abu ba tsokana. Har yau in wani ya kwanta jinya a tsibirin, wurinta ake zuwa neman ɗanyen ulu. Tana bayarwa, ba ta karɓar komai. Sai dai takan riƙe hannun mai karɓa ta ce, "Kafin ki toshe, ki hau sama da fitila. Ki duba kowace kusurwa."

Ita kam ba ta sake toshe nata gidan ba. Iska tana shiga tana fita yadda ta ga dama.

Ta koma rafi ta tsamo tukunyar nan, ta mayar da ita inda take, a ƙafar gadon da ba kowa a kansa. Hunturu ya dawo da ruwansa kamar kullum, yana dukan rufi dare da rana. Ercilia takan zauna gaban murhu da saƙarta, ta kasa kunne. Duk tsawon hunturun da ya wuce ta tsani sautin nan, ba ta san cewa muddin yana ɗiga uwarta tana nan ba.

Tukunyar ba ta sake samun ko ɗigo ɗaya ba.